An ce in rubuta gyara a kan malamina, ni ma an rubuta a kaina

Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam. Ni malamin Islamiyya ne a Jos, shekaruna 34. Shekara huɗu ke nan ana saka ni alƙalancin musabaƙar Alƙur'ani da makarantun unguwanninmu suke haɗuwa su shirya. Bana kwamiti ya fito da sabon tsari, wai in an tashi kowane alƙali ya rubuta takarda a kan aikin wani abokin zamansa, a miƙa wa shugaba.

Alƙalin tajwidi ne ya rubuta a kaina, kuma sa'ana ne. Ya ce ina saurin buga ƙararrawa tun yaro bai sauke numfashi ba, ina girgiza kai ina haɗe rai har yara su rikice. Ya ce wani yaro ya jefar da harafin wawu a farkon aya ta 133 ta Ali Imrana na ƙyale shi, wai don ɗan tsangaya ne irina. Alhali yaron nan da ruwayar Warshu yake karantawa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wani ya ɗauki hoton takardar ya saka a zauren alƙalai na WhatsApp. Kwana uku ban yi barcin kirki ba. Na rubuta raddi na goge ya kai sau biyar.

Matsala ta biyu ta fi wannan nauyi. Wanda aka ce in rubuta a kansa Gwani ne, malamina. A hannunsa na yi sauka, a hannunsa na yi hadda, shi ya shige mini gaba a neman aurena. Mu biyu ne alƙalan hadda, kuma ranar ƙarshe ƙararrawa tana hannunsa. Sau uku yara suka tsallaka daga aya zuwa mai kama da ita bai ji ba. Ni na rage maki a takardata, shi bai rage ba, aka haɗa aka raba. Ɗaya daga cikin yaran shi ya zo na ɗaya, da rabin maki ya fi na biyu. Kunnen Malam ne ya yi nauyi, duk gida an sani, ba mai iya faɗa masa. Saura kwana goma in miƙa takarda. In na rubuta “babu gyara” na ci amana, in na rubuta gaskiya na ci fuskar malamina. Maiɗakina ta ce in ajiye alƙalancin kawai in huta. Ina mafita?

Almajirin Gwani, daga Jos

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Raddin nan da ka goge sau biyar, in ka rubuta na shida shi ma ka goge. Na san zafin da kake ji, don takarda ba kamar maganar baki ba ce. Maganar baki iska na iya kwashe rabinta, ita kuwa takarda duk sanda ka buɗe waya tana nan yadda take, ka sake karantawa ta sake yankarka a wuri ɗaya. Allah Ya ba ka ladan haƙurin kwana ukun nan.

Mu fara da wadda aka rubuta a kanka, don ita ce za ta koya maka yadda za ka rubuta ɗayar. Abokin aikinka magana uku ya yi, ka haɗa su ka haɗiye a loma ɗaya shi ya sa suka tsaya maka a wuya. Raba su za mu yi.

Ka lura da wani abu a wasiƙarka? Da ka zo kan wawu ka kare kanka nan take, da ka zo kan son kai ka nuna ɓacin rai, amma maganar ƙararrawa da haɗe rai ka kawo ta ka wuce ba ka ce uffan ba. Ina jin zuciyarka ta riga ta amsa wannan. Kuma ba ƙaramar magana ba ce. Ka tuna yaro ɗan shekara goma sha biyu a kan kujerar karatu da safiyar hunturun Jos, hannu na rawa, makirufo a bakinsa, iyaye da malamai sun cika ɗaki. Mahaddaci sau da yawa yakan ji kuskurensa da kansa kafin ya gama numfashin da ya ɗauka, ya koma baya ya gyara. Ka fi ni sanin cewa kuskuren da yaro ya kama da kansa, da wanda aka yi masa tanbihi, da wanda sai da aka yi masa fatahi, wato aka faɗa masa ayar, ba hukuncinsu ɗaya ba. In ƙararrawarka ta riga hankalinsa, ka ɗauke masa damar da take tasa. Girgiza kai kuwa ƙararrawa ce ta biyu wadda ba ta cikin ƙa'ida, kuma ta fi ta hannu firgita yaro, don yana ganinta ko da bai yi kuskure ba, sai ya fara shakkar ayar da ya iya. Maganin wannan mai sauƙi ne. Ka sa idonka a kan mus'hafi ko takardar maki maimakon fuskar yaro, ka bar shi ya kai ƙarshen numfashinsa kafin hannunka ya motsa. In kana da shakka ko da gaske kana yi, ka nemi wani da ya ɗauki bidiyon zaman ya nuna maka kanka. Mutum ba ya ganin ƙeyarsa. Wannan sashe na takardar kyauta aka yi maka, ko da an naɗo ta a ganyen ƙaiƙayi.

Maganar wawu kuwa kai ke da gaskiya, ba ta da ja. A ƙira'ar Nafi'u, wadda Warshu ya ruwaito, ayar tana farawa da “sari'u” ba wawu, Hafsu daga Asimu ne yake da “wa sari'u”. Irinta ce aya ta 24 ta Suratul Hadid, inda Hafsu yake da “huwa” kafin “alganiyyu”, Warshu ba shi da ita. Haka ayar ƙarshe ta Suratus Shamsi, Warshu da fa'un yake fara ta, Hafsu da wawu. Amma kafin ka yanke wa abokinka hukuncin ƙeta, ka duba yadda irin wannan kuskure yake faruwa. Da yawa daga matasan da suka taso da Hafsu a Islamiyya sun san Warshu ta gefen usuli, wato ƙa'idojin da suke maimaituwa ko'ina, kamar naƙali (mayar da wasalin hamza kan harafin da ya gabace ta), da jan maddi harakoki shida, da kaurara lamun a “assalatu”, da sirantar da ra'un a wasu wurare. In sun ji waɗannan sun san Warshu ake yi. Abin da ke kuɓuce musu shi ne farshi, kalmomin da suka bambanta ɗai-ɗai a wuraren da sai wanda ya bi ruwayar daga Baƙara zuwa Nasi ya san su. Mutumin da bai bi ba, in ya ji harafi ya faɗi, rantsuwa zai yi hadda ce ta zube.

Wanda ya fi shi ma ya taɓa shiga wannan. Bukhari da Muslim sun kawo labarin Sayyidina Umar da ya ji Hishamu ɗan Hakimu yana karanta Suratul Furƙan a salla ba yadda shi aka koya masa ba. Ya ce saura kaɗan ya afka masa yana cikin sallar, sai ya daure har ya yi sallama, sannan ya shaƙo shi da mayafinsa ya kai shi gaban Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam. Annabi ya ce ya sake shi, ya sa Hishamu ya karanta, ya ce haka aka saukar, ya sa Umar ya karanta, ya ce haka aka saukar. Umar bai yi daidai a zarginsa ba, amma kishin Littafi ne ya motsa shi, kuma ba wanda ya kore shi daga cikin masu gyara saboda haka. Ka ba wa abokinka wannan uzurin har sai ya nuna maka bai cancance shi ba. Ka ɗauki mus'hafin Warshu ka same shi shi kaɗai, ka fara da yi masa godiya a kan maganar ƙararrawa, da gaske ba da gatse ba, sannan ka buɗe masa shafin ka bar shi ya karanta da idonsa. Kada ka ƙara ko kalma. Shafin ya ishe shi.

Sai ta ukun, wai ka ƙyale yaron don ɗan tsangaya ne irinka. Nan ya wuce gona da iri. Mai rubuta gyara yana da ikon faɗin abin da ya gani da abin da ya ji, ba shi da ikon shiga zuciyar mutum ya fito da niyya. Ka gaya masa haka sau ɗaya, cikin sanyin murya, ka roƙe shi ya janye layin a gaban shugaba. In ya janye shi ke nan. In ya ƙi, ka rubuta wa shugaba amsa ta layi uku a haɗa da takardarsa a ajiye, ka rufe babin.

Kada kuma ka ɗora masa laifin wani. Shi shugaba ya rubuta wa. Wanda ya ɗauki hoto ya watsa a zaure shi ne ya ci amanar ku duka biyu, kuma ba mamaki abokin naka ya fi ka jin kunya yanzu, tunda kuskurensa na ruwaya yana yawo a wayar kowane alaramma. Gyaran abin da aka ɓata a zaure a zauren ya kamata a yi, don ba sunanka kaɗai ya taɓu ba, har da yaron da aka ce ya ci makin da bai cancanta ba. Amma bakin shugaba ya fi naka dacewa da wannan. Ka roƙe shi ya rubuta cewa karatun yaron daidai ne a ruwayarsa, kuma takardun nan sirri ne. In ya yi nawa har kwana biyu, to ka saka hoton shafin mus'hafi da gajeriyar magana wadda ba sunan kowa a cikinta, ka ajiye waya.

Yanzu ka riƙe wannan ciwon da ka ji, kada ka yar, mu shiga da shi gidan Gwani. Ka ɗanɗana abin da takarda take yi wa mutum in ta zo masa ba sallama, in ta haɗa gaskiya da zato, in kuma ta faɗa hannun da ba nata ba. Duk abin da ya yi maka zafi a taka, shi za ka kiyaye a tasa.

Tsoronka kala biyu ne, ina ji. Kana tsoron ɓata ran mutumin da ya riƙe hannunka tun kana kolo, kana kuma tsoron bakin mutane, a ce yaro ya yi karatun zamani ya dawo yana gyara wa Gwani. Ban raina ko ɗaya ba. Albarkar malami ba abin wasa ba ce. Amma ina ganin ka manta daga inda malaminka ya fito. Gwani ba ya zama Gwani sai ya ratsa ta darasu. Ya yi satu, ya ɗauki allonsa ya kai gaban malamai, an bi shi harafi-harafi, wasali-wasali, an nuna masa inda ya ɓata a gaban jama'a ya koma ya gyara. Bayan haka shi ma ya shekara da shekaru yana yi wa allunan wasu haka. Tun kafin kwamitinku ya san wani abu wai shi takardar gyara, mutanen tsangaya suna duba aikin junansu da tsananin da ba kowane ɗan boko zai iya ɗauka ba. Mutumin da aka ƙera a wannan maƙera ya san Alƙur'ani ba a yi masa kara. Mai yiwuwa ku na gida ne kuka ɗora masa raunin da ba shi da shi.

Kuma abin da za ka faɗa masa bai taɓa iliminsa ba ko kaɗan, wannan shi ne abin da nake so ya zauna maka daram kafin ka buɗe baki. Ɗauki aya ta 48 da ta 123 a Baƙara, inda a ta farko ceto ya riga fansa, a ta biyu fansa ta riga ceto. Ko aya ta 58 ta Baƙara da ta 161 ta A'arafi, inda shiga ƙofa da faɗin “hiɗɗatun” suka yi musayar wuri. Ka tashi Gwani daga barci tsakar dare zai ware maka su, ya ƙara maka da wasu goma da ba ka taɓa lura da su ba. In irin wannan ta wuce shi sau uku a yini ɗaya, to ba ta iso kunnensa ba ne. Nauyin ji na tsufa yakan fara da siraran sautuka, irin sinun da shinun da fa'un, da muryar yara ƙanana, kuma ya fi tsananta inda ake hayaniya. Ka haɗa wannan da ɗakin taro mai amsa-kuwwa, lasifika tana fuskantar jama'a ta ba alƙalai baya, janareta na ruri a bayan taga. A zaure, almajiri na gabansa gwiwa da gwiwa, yana iya jin komai sarai, shi ya sa shi kansa ba lallai ya san girman abin ba. Wani lokacin ma dattin kunne ne ya toshe, a wanke a huta. Sashen kunne da hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo za su iya gwada masa, su faɗa ko wanki ne, ko magani, ko na'urar ƙara ji.

To me ya sa “babu gyara” ba za ta yi ba? Ka riga ka faɗa da bakinka, cin amana ce. Zan ƙara maka da cewa ba ta ma kare Gwanin. Yau ba musabaƙar da ake yi ba waya goma a sama tana ɗauka. Baɗi in abin ya maimaitu, uban wani yaro da aka kayar zai yanko wurin ya saka a Facebook, mutanen da ba su san darajar malaminka ba su yi ta rubutu a ƙarƙashi. Ranar za ka gwammace da kai ka faɗa masa a zaurensa. Sannan ga yaran. Irin musabaƙarku ita ce matakin farko na dogon tsani. Musabaƙar ƙasa da Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato take shiryawa tun 1986, daga ƙaramar hukuma ake faro ta, a je jiha, a je ƙasa, wanda Allah Ya ɗaga har ya wakilci Nijeriya a Makka. Yaron da makarantarsa za ta tura can, a irin zamanku ake fara gane shi. Rabin maki a nan ba rabin maki ba ne a wurin wanda ya kwashe shekara yana tashi tilawar dare.

Akwai wata tambaya da ba ka yi wa kanka ba, zan yi maka ita don ina ƙaunarka. Kana zaune kusa da Malam, ka ji kuskuren, sau uku. Me ka yi? Ka rage a takardarka ka yi shiru. Da ka taɓa gwiwarsa a ƙarƙashin tebur, ko ka tura masa lambar ayar a guntuwar takarda tun a na farko, da na biyu da na uku ba su wuce ba. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya taɓa yin salla karatu ya rikice masa, da ya idar sai ya tambayi Ubayyu ɗan Ka'abu ko ya yi salla tare da su. Ya ce e. Sai ya ce masa to me ya hana ka, wato me ya hana ka tuna mini. Kunya ce ta riƙe ka, na sani, kunyar almajiri a gaban malaminsa. Amma ka sa rai Gwani zai iya yi maka wannan tambayar, kuma yana da gaskiya in ya yi. Ban faɗa don in ƙara maka nauyi ba. Na faɗa ne don ita ce ƙofar da za ka shiga ta ita: ka je a matsayin wanda ya zo ba da haƙuri a kan shirunsa, ba wanda ya zo kama kuskure ba.

Kada takarda ta riga ƙafarka. Ka je gida cikin kwana biyun nan, lokacin da ka san almajirai sun watse, bayan la'asar ko bayan isha. Ka gaishe shi yadda ka saba, ka zauna inda ka saba zama. Ka gaya masa kwamiti ya ɗora maka rubutu a kansa, kuma ba za ka iya sa alƙalami a takarda ba sai ka zo gabansa. Sannan ka ce wani abu kamar haka: “Allah gafarta Malam, ranar ƙarshe akwai wurare uku da na ji yara sun tsallaka, na ga lasifikar nan ba ta kawo sauti wajenmu yadda ya kamata, na yi nauyin baki ban taɓa Malam ba. Laifina ne, na zo a yafe mini.” Ka ambaci ayoyin. Ba ƙarya ka yi ba a ko ɗaya, kuma ka bar masa fili ya kawo maganar kunnen da bakinsa. Dattawa da yawa sun san abin da ke damunsu, jira suke a ba su hanyar faɗa ba tare da rawani ya faɗi ba.

In ya ce ai kunnen nan ya fara ba shi matsala, to Allah Ya kawo sauƙi, sai ka ce kai za ka kai shi asibiti da kanka, ka sa rana nan take. In ya yi shiru ya canza magana, kada ka bi shi, ya ji, ka ba shi kwana biyu ka koma. In kuwa ransa ya ɓaci, ka sunkuyar da kai ka sha faɗan, kada ka kare kanka. Durƙusa wa wada ma ba gajiyawa ba ne, balle wa malami. Daga nan sai ka nemi wanda yake jin maganarsa, wani gwani abokin karatunsa ko babban ɗansa, ya ƙarasa. In tun farko ka san bakinka ba zai iya ba, ka fara da wannan mutumin, amma ka kasance a wurin. Kada Malam ya ji daga baya cewa an yi zama a kansa ba ya nan.

Ita takardar, gajeriya za ka yi, kuma ka rubuta ta kamar shi zai fara karantawa. Ka buɗe da abin da ya yi da kyau, ba yabon cika baki irin na “Malam ai kogi ne” ba, abin da ka gani da idonka a zaman: yadda yake kwantar wa yaro da hankali kafin ya ja masa baki, ko wata gardama da ya raba. Sannan ka kawo wuraren uku, kowanne da rana da rukuni da sura da aya, da abin da yaron ya karanta, da cewa ba a yi tanbihi ba. Ka rubuta cewa kai ma ka ji ba ka ankarar ba. Ka rubuta cewa a ganinka sauti ne bai isa teburin alƙalai ba, ba tare da ka yi wa kunnen kowa hukuncin likita ba. Ka rufe da abin da kake ba da shawara: a sa wa alƙalan hadda abin sauraro na kunne da aka jona da makirufo kai tsaye, ko a ajiye ƙaramar lasifika tana fuskantarsu, a matso da teburinsu kusa da mai karatu, kuma kowane alƙalin hadda ya sami ikon ankarar da mai ƙararrawa. In Gwani da kansa ya ga zaman yini guda ya fara yi masa nauyi, akwai kujerar da ta fi ta ƙararrawa girma. Wa ya fi shi iya tsara tambayoyi, ya zaɓo wuraren da za su auna hadda da gaske? Wa ya fi shi dacewa da raba gardama in alƙalai sun saɓa, musamman a kan Warshu, tunda ga shi ka ga giɓin da ke akwai? Amma wannan shi zai nema ko shugaba ya miƙa masa da girmamawa, ba kai za ka rubuta a sauya masa wuri ba. In ka gama, ka kai masa ka karanta masa kafin ka miƙa.

Akwai wata hanya in wannan ta gagara. Kana da damar ka ce wa shugaba a ɗauke maka rubutu a kan malaminka, kamar yadda ake ɗauke wa alƙali ba ɗalibinsa maki. Uzuri ne karɓaɓɓe, kuma tun farko bai kamata a haɗa ku ba. Sai dai ɗauke alƙalami ba ya ɗauke abin da ka sani. Ko ka rubuta ko ba ka rubuta ba, zuwa wurin Gwani yana nan, sanar da shugaba da baki yana nan.

Maganar yaron da ya zo na biyu ita ma shugaba za ka kai wa, ku biyu. Ba kai za ka warware sakamako ba, kuma ban ga alheri a ƙwace kyauta daga hannun yaron da ba shi ya ba wa kansa maki ba. In ƙa'idarku tana da ƙofar ƙorafi kuma akwai rikodin, kwamiti ya saurara ya yanke. In babu, aƙalla su sani, don in za a tura wakili gaba a sake zaunar da yaran biyu a gwada su, ko a nemo wa na biyun abin da zai share masa hawaye. Tun da za ka zauna da shugaban, ka roƙe shi abu uku don baɗi: a rubuta ruwayar kowane yaro a takardar rajista a kuma ajiye mus'hafin Warshu da na Hafsu a tebur, alƙalai su zauna kafin musabaƙa su saurari karatu ɗaya kowa ya ba da makinsa a ga inda hannu ya bambanta, sannan takardar gyara kada ta wuce mutum uku, mai rubutu da wanda aka rubuta a kansa da shugaba.

Uwargida kuwa ka gode mata, ta ga mijinta ba ya barci ne. Amma in ka ajiye yanzu, da zargin son kai a kanka za ka ajiye, mutane su ce ai da ma. Sannan kujerarka wani zai hau, wataƙila wanda zai buga wa ɗan Warshu ƙararrawa a kan “sari'u”. Ka gama wannan zagayen, ka ga yadda kwamiti zai yi da maganar hoton. In suka nuna ba ruwansu da sirrin mutane, lokacin ka sake shawara da ita da hujja a hannunka.

In za ka je gidan Malam ka riƙa ɗan turare ko goro yadda ka saba, kada ka canza komai da zai sa ya ga yau zuwan daban ne. In kana da rikodin zaman, ya zauna a aljihu, kada ka fito da shi sai in shi ya ce a kunna masa. Da na ce ka gaishe mini da shi, sai na tuna bai san ka rubuto ba. Allah Ya ƙara masa lafiya, kai kuma Ya ba ka barcin daren yau.